Turancin da babu shi a ƙamus: murya, ido da hannu a bakin Bature

Ɗan yayata ya tafi karatun digiri na biyu a Ingila. Bai cika wata biyu ba ya kira ni cikin dare, murya a sanyaye. Ya ce, “Kawu, ni fa na rasa gane kan malamin nan da ke duba aikina. Na kai masa babi na farko, ya karanta, ya ce min ‘It’s interesting’, na yi godiya na fito ina murna. Yau kuma ya turo saƙo wai in sake shi daga tushe. Mutanen nan baki biyu gare su ne?”

Na ce, “Maimaita min yadda ya faɗa, da irin muryarsa.” Ya ɗan yi jim, sannan ya kwaikwaya. Muryar ta faɗo a farkon kalmar, ta ja kaɗan, sai ta sake ɗagowa a ƙarshe kamar mai shirin ƙara magana amma ya haɗiye. Na ce, “Ya kalle ka lokacin?” Ya ce a’a, takardar yake kallo, ya karkatar da kai, ya matse leɓe. Na ce, “To ai tun ranar ya gaya maka. Kai ne ba ka ji ba.”

Yaron nan ba Turanci ya rasa ba. Ya ci jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS da maki mai kyau, yana rubutu ba gargada. Abin da ya kuɓuce masa shi ne ɓangaren saƙon da Bature ba ya sawa a cikin kalma. Wannan faɗuwa da ɗagowar murya, a kunnen ɗan Ingila, ma’anarta “akwai amma a gaba”. Da malamin Bahaushe ne, cewa zai yi, “To, ba laifi dai…” kuma babu yaron da zai ji wannan “dai” ɗin ya fita yana murna.

Nan ne bakin zaren. Hausa harshe ne mai karin sauti, wato hawa da saukar murya suna cikin jikin kalmar kanta. Kuka na hawaye da kuka ta miya haruffansu ɗaya, murya ce ta raba su. Haka wuya da ake rataya wa sarƙa da wuya da ake sha a rayuwa. Tunda murya ta riga ta ɗauki wannan kaya, sai Hausa ta tanadi wasu ’yan ƙananan kalmomi da suke ɗaukar niyyar mai magana. Dubi “ya zo”. Ka ce “ya zo fa”, gargaɗi ne. “Ya dai zo”, da sauran rina a kaba. “Ya zo mana”, ka ƙosa da tambayar. “Ai ya zo”, kana tuna wa mutum abin da ya kamata ya sani. “Ashe ya zo”, mamaki. “Shi kam ya zo”, kana zunɗen waɗanda ba su zo ba. Turanci ba shi da irin wannan rumbu. Duk waɗannan Bature zai iya faɗarsu da kalmomi biyu rak, “he came”, murya da fuska su yi sauran aikin. Ba wai Bahaushe ba ya wasa da murya ba ne, yana yi, musamman wajen tambaya da gatse. Amma nauyin da Turanci ya ɗora wa murya ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma shi ne abin da allo da alli ba sa koyarwa.

Akwai jimlar da malaman Turanci ke son bugawa misali da ita: “I didn’t say he stole the money.” Kalmomi bakwai ne, kuma duk wadda ka danna da murya ma’ana ta juya. Ka danna ta farko, kana cewa wani ne ya faɗa, ba kai ba. Ka danna “say”, kana nufin ka nuna alama amma ba ka furta ba. Ka danna “he”, an yi satar amma ba shi kake zargi ba. Ka danna “stole”, wataƙila aro ya yi. Ka danna ta ƙarshe, ya yi sata, sai dai ba kuɗi ya ɗauka ba. Mu a Hausa ba haka muke yi ba. Ɗauko kalmar muke yi mu kawo ta gaba mu liƙa mata “ne” ko “ce”: “ba ni ne na faɗa ba”, “ba kuɗi ne ya sata ba”. Shi ya sa ɗan Najeriya da ke Turanci yakan ba kowace gaɓa nauyi kusan ɗaya, kamar mai jera bulo, Bature kuwa yana kasa kunne ya ji inda aka danna, bai ji ba, sai ya rasa wace kalma ce ke ɗauke da maganar. Wani lokaci ma ya ji an danna inda bai zata ba, ya ɗauka faɗa ake yi masa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, yana iya raba mutum da aikinsa. Wani masanin harshe, John Gumperz, ya ba da labarin abin da ya gani a shekarun 1970 a ɗakin cin abincin ma’aikata na wani babban filin jirgin sama a Ingila. An ɗauki mata ’yan Indiya da Pakistan aikin zuba abinci, sai ma’aikata Turawa suka riƙa kai ƙara cewa matan nan ba su da fara’a, magana suke yi a gadarance. Su kuma matan suna ganin wariya ake nuna musu. Da aka naɗi muryoyi aka saurara, sai aka ga inda gizo ke saƙar. In Baturiya za ta tambayi mutum ko yana son romo a kan namansa, cewa take yi “Gravy?” murya ta hau sama, wato “a zuba maka?” Su kuwa matan Asiya kalmar ɗaya suke faɗa amma murya ta sauko, wanda a harsunansu ba laifi ba ne, a kunnen Bature kuwa ya zama “ga romo nan, in ka ga dama”. Kalma ɗaya, babu kuskuren nahawu ko ɗaya, amma aka yi ta kallon hadarin kaji. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne babu ɓangaren da ya san cewa murya ce matsalar. Kowa ya yanke wa ɗan’uwansa hukunci a kan hali, alhali karin harshe ne.

Irin haka yake da “sorry”. In murya ta hau, ma’anarta “ban ji ba, maimaita”. In ta sauko, ban haƙuri ce. In aka ja ta aka ɗaga gira, ta zama “me ka ce? ka san da wa kake magana?” Mu kuma nan gida mun ƙara mata aiki na huɗu, mun mayar da ita “sannu”. Mutum ya yi tuntuɓe ka ce masa “sorry”, in ɗan Landan ne sai ya juyo ya ce ai ba laifinka ba ne, ku tsaya kuna kallon juna. Haka ’yar wutsiyar nan da suke liƙa wa jimla, “isn’t it?” In murya ta sauko, ba tambaya ba ce, neman goyon baya ne, kamar mu ce “ko ba haka ba?” In ta hau, da gaske mai maganar bai sani ba. Sannan a Ostireliya da New Zealand da Kalifoniya, kuma yanzu a bakin matasa ko’ina, akwai masu ɗaga murya a ƙarshen kowace jimla ko da labari suke bayarwa. Baƙo sai ya zaci tambayoyi ake jero masa, alhali ana duba ne ko yana biye.

To tunda murya da fuska suna da wannan ƙarfi, sai wasu suka zarce da abin. Duk wanda ya taɓa zama a taron horar da ma’aikata ya ji an ce wai kashi 7 cikin 100 na saƙo ne kawai ke cikin kalmomi, kashi 38 a murya, kashi 55 a fuska da jiki. Na ji wannan a bakin masu horarwa ya fi a ƙirga, ana faɗa ana buga tebur. Alƙaluman na gaske ne, fassarar ce ta ƙarya. Sun fito ne daga gwaje-gwaje biyu da Albert Mehrabian na Jami’ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya wallafa da abokan aikinsa a 1967. A ɗaya, an sa mutane sun saurari kalmomi ɗaiɗai, irin su “dear” da “terrible”, ana faɗarsu da murya mai daɗi ko ta fushi ko tsaka-tsaki. A ɗayan, kalma guda ce tak, “maybe”, aka haɗa ta da hotunan fuskoki. Tambayar da aka yi wa masu saurare ita ce: mai maganar nan yana son wanda yake yi wa magana ko ba ya so? Shi ke nan. Ba a gwada hira ba, ba a gwada lacca ba, ba a gwada ciniki ba. Shi kansa Mehrabian ya sha faɗa cewa lissafin nasa bai shafi komai ba sai inda mutum ke maganar abin da ke ransa, kuma kalmarsa ta saɓa wa muryarsa ko fuskarsa.

Hankali ma ya isa ya rushe zancen. Da kashi 93 na magana a murya da jiki yake, da ka kunna tashar Sin ka fahimci labarai ba tare da ka san kalma ɗaya ba. Da kuma rediyo bai yi tasirin da ya yi a ƙasar Hausa ba. Abin da gwajin ya nuna ɗan ƙarami ne amma gaskiya ne, kuma kakanninmu sun riga shi: labarin zuciya a tambayi fuska. In baki ya ce “na yafe” fuska kuma a murtuke, fuskar ake gaskatawa. Amma fuska ba za ta gaya maka ƙarfe nawa jirgi zai tashi ba.

Sai dai ko wannan karin maganar tana da iyaka, kuma iyakarta ita ce ido. A nan ne na ga ’yan’uwanmu sun fi cutuwa. Yaron da ya tashi a gidan mutunci an koya masa cewa ba a zuba wa babba ido. In mahaifi ko malami na magana, kai a sunkuye, ido a ƙasa, wannan shi ne kunya da ladabi. Wanda ya tsare babba da ido, a ce ba shi da ta ido, ko a ce tsaurin ido gare shi. A tsarin hirar Turawan Ingila da Amurka kuwa, ido kayan aiki ne. Wani masani, Adam Kendon, ya ɗauki hirarrakin mutane a fim a Oxford, ya wallafa sakamakon a 1967, ya nuna cewa mai saurare ya fi mai magana kallon abokin hirarsa. Mai magana yakan kau da ido lokacin da zai fara doguwar magana, sannan ya dawo da shi kan mai saurare in ya kusa gamawa, kamar yana miƙa masa sanda. To ka ga in kai kana kallon ƙasa, sandar ta wuce ba ka gani ba. Shi yana jira ka karɓa, kai kana jira a ba ka izini. A ƙarshe ya rubuta a takardarsa cewa ba ka da kuzari, ko ba ka bin maganar, ko kana ɓoye wani abu.

Wannan zargi na ƙarshe shi ya fi ciwo, domin ba shi da tushe. An yi wani bincike da aka tambayi mutane a ƙasashe da dama yadda suke gane maƙaryaci, amsar da ta fi yawa ita ce “ba ya iya haɗa ido”. Amma da Bella DePaulo da abokan aikinta suka tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2003, ba su sami wata alaƙa ta a zo a gani tsakanin kau da ido da ƙarya ba. A 2006 kuma ita da Charles Bond suka nuna cewa in aka ba mutane aikin raba mai gaskiya da maƙaryaci ta hanyar kallo da saurare, kusan kashi 54 cikin 100 suke cankawa. Wanda ya jefa kwabo sama ya ce kai ko wutsiya zai sami 50. Duk da haka, mai tambayoyi a ofishin biza ko a teburin neman aiki ɗan Adam ne, da abin da ya saba yake auna ka. Shawarar da na ba ɗan yayata ita ce, in yana gaban malaminsa ya kalli fuskar, ba sai ya ƙura wa ƙwayar idon ba, ya riƙa gyaɗa kai. In ya dawo gida ya zauna gaban mahaifinsa, ya mayar da idonsa inda ya same shi.

Bayan ido sai shiru. Mu mun ce shiru ma magana ce, kuma a wurare da yawa shirun amincewa ne, ko girmamawa, ko nuna cewa ana auna maganar kafin a amsa. Dattijo ya yi maka magana ka amsa tun bai rufe baki ba, ka nuna ba ka ɗauke ta da nauyi ba. A 2009 Tanya Stivers da wasu masana suka auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a harsuna goma na sassan duniya. Suka ga a ko’ina tazarar ’yar mitsitsiya ce, kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Japanawa sun fi kowa sauri, mutanen Denmark sun fi jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, Turanci yana tsakiya. Bambancin bai kai ƙiftawar ido biyu ba, amma kunne yana jin sa. A hirar Turanci, in ka gayyaci mutum ya yi jinkirin daƙiƙa ɗaya kafin ya amsa, ka riga ka san “a’a” ce ke tafe. Shi ya sa za ka ji mai gayyatar ya yi wuf ya ce “ko kuma wani lokaci”, tun kafin a ƙi shi. “Eh” tana fitowa da sauri kuma tsirara. “A’a” kuwa sai ta sha ado: jan numfashi, “well”, “um”, ɗan murmushi, godiya, sannan uzuri. Wanda bai san wannan ba zai ji godiyar da murmushin ya ɗauka an amsa.

Inda abin ya fi muni shi ne kotu. Wata masaniyar harshe, Diana Eades, ta shafe shekaru tana nuna yadda ’yan asalin Ostireliya, waɗanda Turanci suke yi amma da al’adar magana tasu, suke faɗawa rami a gaban alƙali. A wurinsu yin shiru kafin amsa abu ne mai kyau, lauya kuwa sai ya nuna wa masu yanke hukunci shirun a matsayin alamar rashin gaskiya. Harshe ɗaya ake yi a ɗakin, amma shiru biyu ne.

Mai saurare ma ba ya zama haka nan. Yadda muke cewa “to”, “na’am”, “haka ne”, “ƙwarai”, su ma suna da “mm-hm” da “right” da “yeah”. Tarkon shi ne “yeah” ɗin nan sau da yawa ba yarda ba ce, “ina jin ka, ci gaba” ce kawai. Akwai kuma tagwayen da ke rikita baƙo: “uh-huh” eh ce, “uh-uh” a’a ce, ɗan numfashi da ’yar tsayawar maƙogwaro ne suka raba su. Gaisuwar ’yan Ingila ta “You alright?” ita ma ba tambaya ba ce, duk da kamanninta. Bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, mu da ake ce wa “ina gajiya” mu ce “ba gajiya” alhali ƙafa ta kumbura.

Hannu kuwa kashi biyu ne, kuma raba su yana da amfani. Akwai motsin da ke fitowa tare da magana ba tare da mutum ya shirya ba: kana ba da labarin hawa tsani hannu na hawa, kana jero dalilai hannu na sara iska a kan kowace gaɓar da ka danna. David McNeill na Jami’ar Chicago ya yi shekaru yana nuna cewa wannan motsi da maganar daga tunani ɗaya suke ɓullowa, lokaci ɗaya. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce binciken da Jana Iverson da Susan Goldin-Meadow suka wallafa a 1998: yaran da aka haifa makafi, waɗanda ba su taɓa ganin hannun kowa na motsi ba, suna motsa hannu in suna bayani, ko da wanda suke yi wa bayanin shi ma makaho ne. Kai ma ka lura da mai waya a bakin titi yana kwatance da hannu ga mutumin da ke wani gari. Irin wannan motsi ba ya cika jawo rigima.

Mai jawo rigimar shi ne kashi na biyu, alamomin da suka zama kamar kalmomi, kowace al’umma da nata. Ɗan Amurka zai ware yatsu biyar ya nuna maka tafin hannu, yana nufin “sannu”, ko “dakata”, ko “biyar”. A Kano wannan daƙuwa ce, kuma ta kai ga uwa. Yatsu biyu da aka ware, in tafin hannu na kallon jama’a, alamar nasara ce da Winston Churchill ya shahara da ita lokacin yaƙin duniya na biyu. Ka juya bayan hannun ya kalli jama’a, a Birtaniya da Ostireliya zagi ne, a Amurka kuwa ba komai ba ne. Shugaban Amurka George Bush babba ya yi wannan ɓaran-ɓaramar a 1992 a Canberra, babban birnin Ostireliya, ƙasar da Turanci ne harshenta kamar tasa. Mu muna yafito mutum da tafin hannu a kife, Bature ya gani ya zaci bankwana ake yi masa ko kora. Shi kuma ya kira ka da yatsa ɗaya a sama, ka ji kamar ya mayar da kai yaron gidansa. Yana miƙo maka abu da hagu ko a jikinsa. Sannan akwai wadda ba mu da ita sam: a ɗaga yatsu bibbiyu a lanƙwasa su a iska yayin faɗar wata kalma. Ma’anarta “wai”. In an ce maka “expert” ana wannan lanƙwasa, ba yabo ba ne, wai-ƙwararre aka ce.

Akwai kuma alamar da ta yi tafiya daga wajenmu zuwa can. Tsaki da harara sun tsallaka teku tare da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. John Rickford da Angela Rickford sun yi rubutu a kansu a 1976, suka nuna cewa a Guyana da sauran yankin Karibiyan da kuma tsakanin baƙaƙen Amurka an san su sarai, har suna da suna a Turancin can, alhali yawancin fararen Amurka da aka tambaya ba su san ma’anarsu ba. Yau a unguwannin Landan yaro ya ja tsaki a aji, malamar da ta fito daga Jamaika ko Najeriya ta san abin da aka yi mata nan take.

Batun tazara ba sai na ja shi ba. Wani masani, Edward Hall, ya auna yadda Amurkawa ke tsayawa a shekarun 1960: ƙasa da kamar santimita 45 na iyali ne da masoyi, daga nan zuwa mita ɗaya da ’yan kai na abokai, bayan haka na baƙi da harkar aiki. Ka matsa ya ja baya, ka sake matsawa ya sake ja, har ku kai bango. Musafaha a wurinsu gajeriya ce, a damƙe a girgiza a saki. Tamu da ake riƙe hannu ana tambayar gida da yara da gajiya, a kai hannu ƙirji a sake miƙawa, tana sa su tsarguwa.

Abin da ya nuna min cewa ido da kunne ba a raba su shi ne gwajin Harry McGurk da John MacDonald na 1976. An ɗauki bidiyon baki yana furta “ga”, aka ɗora masa sautin “ba”. Yawancin masu kallo suka ce “da” suka ji. Ka rufe ido ka ji “ba” tangaran, ka buɗe ta koma “da”, ko da ka san dabarar. Ƙwaƙwalwa ba ta karɓar magana daban, fuska daban, dama su take yi wuri ɗaya kamar fura da nono.

To me ke faruwa in aka yanke fuskar gaba ɗaya, aka bar murya a rediyo, kuma masu maganar ba harshen uwa ɗaya suke da shi ba? A ranar 25 ga Janairun 1990 jirgin Avianca mai lamba 52 ya taso daga Kolombiya zuwa New York. Saboda rashin kyawun yanayi aka sa shi shawagi sama da awa guda, mai ya yi ƙasa. Mataimakin matuƙin ya gaya wa masu kula da zirga-zirgar jirage cewa suna buƙatar a ba su fifiko, daga baya ya ce man su na ƙarewa. Kyaftin ɗin ya umarce shi da Sifaniyanci ya sanar cewa suna cikin halin gaggawa, amma kalmar “emergency” ko “Mayday” ba ta taɓa fita zuwa ƙasa ba. Masu kula da jiragen, waɗanda ke jin koken ƙarancin mai a kai a kai, ba su ɗauki abin a matsayin rai da mutuwa ba. Injuna suka mutu, jirgin ya faɗi a Cove Neck da ke Long Island, mutum 73 daga cikin 158 suka rasu. Gudun irin wannan ne ya sa Turancin matuƙa jirgi yake da ƙayyadaddun kalmomi. A sararin sama ba a barin ma’ana a hannun murya, domin natsuwar wani firgicin wani ce. Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu cewa kalma kashi 7 ce.

A rubutu kuwa murya ma ta tafi, sai mutane suka shiga ƙera mata madadi. A ranar 19 ga Satumban 1982 Scott Fahlman na Jami’ar Carnegie Mellon ya ba da shawarar a riƙa haɗa ɗigo biyu da karan ɗori da baka su ba da fuskar murmushi a kwance, don a gane wasa daga gaske a saƙonnin kwamfuta. Jikokin wannan fuska su ne suka cika wayoyinmu, har a 2015 masu ƙamus na Oxford suka zaɓi fuskar mai dariya da hawaye a matsayin kalmar shekara. Manyan baƙaƙe sun zama ihu. Ɗigo uku sun zama jan murya. Mu dai da yawanmu mun huta da wannan wahala, mun danna maɓallin WhatsApp mun aika murya, gaisuwa da tsaki da dariya duk a ciki. Har ɗigon ƙarshen jimla bai tsira ba. Wani gwaji da Celia Klin da abokan aikinta suka yi da ɗalibai a Jami’ar Binghamton ya nuna cewa gajeriyar amsa a saƙon waya, in an rufe ta da ɗigo, matasa suna jin ta a bushe, kamar ba da zuciya ɗaya aka rubuta ba. A takardar da aka rubuta da hannu kuwa ɗigon bai dame su ba.

Watanni uku bayan waccan wayar, ɗan yayata ya sake nema na, wannan karon da hoton allon wayarsa. Ya gyara babin ya tura, malamin ya amsa da kalma ɗaya: “Fine.” Ya ce, “Kawu, dubi ɗigon nan. Fushi yake yi ko?” Na ce, “Shekarunsa za su kai nawa?” Ya ce zai haura sittin. Na ce, “To nasa ɗigon ɗigo ne kawai. Je ka kwanta, gobe ka ɗora babi na biyu.”